Makiyayin da Ya Sauka a Gonar Ummaru

Ruwan alwala kawai Ummaru ya je ɗebowa. Rana ta kusa faɗuwa, ya ɗauki buta ya gangara rafin da ke bayan masaukinsu, cikin gandun dajin nan na tsaunukan gabas, can wajen iyakar Kamaru.

Ƙanensa Hussaini ne ya jawo shi tafiyar. Malamin makaranta ne a Kankiya, suka haɗa kai da abokan aikinsa suka ɗauki shatar bas a ƙarshen kaka, wai za su je su ga duwatsu da namun daji su dawo. Kujera ɗaya ta rage, ya zo har Yashe ya lallaɓi yayansa. Zuhura, matar Ummaru, ta ce kada ya tafi sai ya kwaso dawa. Gero bai yi ba bana, dammunan nan da ke jibge a gona su ne tuwon gidan har wata kakar. Ummaru ya ce dawa ba ta da ƙafa, ya shige mota. Haka Allah ya yi shi, ga taurin kai ga baki, bai iya ganin abu ya yi shiru ba.

Wurin kam ya yi kyau, ba ƙarya. Duwatsu sun shige cikin gajimare, ruwa na zubowa daga bisansu fari fat, birai na zaune a bakin hanya suna kallon mutane ba kunya. Malamai suka yi ta ɗaukar hoto da waya. Ummaru kuwa ba abin da yake sai tsaki, wai an bar ƙasa mai kyau haka ba noma.

Da ya duƙa zai cika butar, sai ya lura tsuntsaye sun yi tsit. Ya ɗaga kai.

A ƙetaren rafin, garke ne guda. Ɓauna, gwanki, mazo, har da gada ƙanana, duk a cakuɗe suna kiwo, sun yi ƙiba sai sheƙi suke. A kan wani falalen dutse wani dogon tsoho na zaune, malfa ta rufe masa fuska, sanda a giciye bisa kafaɗunsa.

Mai hankali da ya ɗauki butarsa ya juya. Ummaru sai ya tuna Hamma, Bafulatanin da ya shekara goma sha biyu yana sauka da shanunsa a gonarsa bayan girbi, su ci kara su bar masa taki. Bara ɗan maraƙi ɗaya ya taɓa masa wake, ya tsaya gaban masallaci ya ci mutuncin Hamma, ya ce kada ya ƙara ganin kofatonsa. Har yau haushin bai sake shi ba.

"Sannu Baba. Duk naka ne?"

Malfar ta yi ƙasa ta yi sama.

"Wanga shi ne kiwo, ba irin ramammun shanun wajenmu ba. In ka biyo ta Yashe ta ƙasar Kusada, ka tambayi gonar Ummaru. Ka sauka, gona taka ce."

Tsohon bai motsa ba. Dabbobin ne suka ɗago kai, dukansu, lokaci guda.

"Ka faɗa," in ji tsohon. Muryar kamar ana jan dutsen niƙa a ƙasa.

Da Ummaru ya koma masauki ya ba da labari yana dariya, Manu, ma'aikacin gandun da ke yi musu jagora, bai yi dariya ba. Ya ce ba a kiwo a wannan daji, kuma ba ɗan Adam ɗin da ɓauna za ta bi. Ya tambaye shi abin da ya ce wa tsohon, kalma da kalma. Da ya ji, sai ya ja tabarmarsa nesa da ta Ummaru, ya ce a hankali, "Ka koma gida ka kwashe amfanin gonarka tun bai riga ka ba."

Malamai suka ce camfi ne. Ummaru ya taya su, amma tuwon daren bai shiga ba.

Kwana biyu suka yi a hanya. La'asar sakaliya ya sauka Yashe, ko ruwan da Zuhura ta miƙo bai karɓa ba, ya ɗaura wa bijimansa amalanke ya nufi gona.

A bakin gambar da ta yi wa gonar iyaka bijiman suka toge. Ya zage su, ya zuba musu bulala, ko gezau. Ya diro ya tsallaka gambar da ƙafa.

Sanyi ya buge shi. Ba sanyin garinsu ba ne, mai laima ne, irin na bakin rafin nan. Ga warin laka da jiƙaƙƙen gashi, a gonar da ta fi wata rabonta da ruwa.

Ya dubi ƙasa. Sawun kofato ko'ina, manya kamar faranti, ƙanana kamar ɗan yatsa. Ya dubi gonar. Ba dabba ko ɗaya.

Amma ana tauna.

Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Dama da hagu, gaba da baya. Yana kallo zangarniyar dawa ta zare kanta daga dami, ta yi sama, ta ɓace.

Tsohon na zaune bisa tarin dammunan, sandarsa a kafaɗa.

Ummaru ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, amma ya tuna rumbunsa wayam ne. Ya durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban kwashe ba tukuna. Ba a sakin dabba sai an kwashe."

"Ka ce tawa ce."

"Karan nake nufi, Baba. Dawar ta iyalina ce."

"Ka ce tawa ce."

Wani abu ya huro masa numfashi a ƙeya, mai zafi, mai warin ɗanyar ciyawa.

Ya zabura ya rungumi dami guda. Ko guda ne ya tsira da shi. Aka ja, ya ja. Aka fizge da ƙarfin da ya kwashe masa fatar hannu. Wani abu mai tsini ya zungure shi a haƙarƙari ya watsar da shi gefe.

Ya tashi ya zura da gudu. Ayatul Kursiyyu na fita bakinsa a guntule.

Ƙasa ta ɗauki rugugi a bayansa.

Takalmi ɗaya ya fita. Bai waiwaya ba.

Ya faɗa kan gambar, ya mirgina waje.

Rugugin ya tsaya cak. Gambar ta kwanto wajensa kamar ana tura ta da ƙirji, amma ba abin da ya tsallako. Tsohon na tsaye daidai iyakar, tsawonsa ya kai rassan gawo, kuma har yanzu ba a ganin abin da ke ƙarƙashin malfar.

"Ba su ƙoshi ba," ya ce a hankali. "Kana da gida, ko? Faɗi."

Ummaru ya ji maganar tana taso masa a maƙogwaro. Ya sa hannu biyu ya toshe bakinsa, ya ciji tafinsa har jini. A haka ya ja gindi har wajen amalanke.

Washegari mutane suka tsaya daga bakin gamba suka leƙa. Ko ƙwaya ba a bari ba. Zuhura ta ɗauki ƙwarya ta tafi gidan iyayenta neman hatsi, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Hussaini ne ya riƙe gidan shekarar.

Da haƙarƙarin ya warke, Ummaru ya tari Hamma a hanyar Mawashi, ya ba shi haƙuri, ya roƙe shi ya dawo da shanunsa gonar ko tsohon nan ya tashi. Hamma ya dube shi sama da ƙasa.

"Shekara goma sha biyu ban taɓa shiga ba sai ka ɗauke damin ƙarshe. Ka kore ni, ka kira wanda bai san wannan ba. Ba ni sauka inda wani ya riga ni."

"To yaushe za shi tashi?"

"Mu dai in ruwa ya sauka muke tashi. Shi ban sani ba."

Ruwa ya sauka. Damina uku ke nan yanzu. Gonar ta cika da wata doguwar ciyawa da ba a san irinta ba a ƙasar Kusada, kullum da safe kuma a tarar an cinye kanta. Ummaru ƙwadago yake yi a gonakin mutane. In baƙo ya yi sallama a ƙofar gidansa, yakan amsa, amma ba ya cewa a shigo sai ya leƙa ya ga fuska.