Wa Ya Shayar da Ɓauren Wirrabeck Guba?

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Narelle Kovac. Wai an kashe ɓauren bakin tashar jirgin ƙasa ta Wirrabeck, kuma an farfasa tagogin wata kansila.

Ɓauren nan shi ya hana ruwa gudu wata shida. Majalisar ƙaramar hukuma na son gina benaye masu hawa shida da sabuwar tashar bas a filin, masu gidajen unguwa sun ce sam, bishiyar ta haura shekara ɗari, doka ta hana taɓa ta. Gobe Talata za a kaɗa ƙuri'a.

Ta tarar da jama'a ɗauke da kwalaye: SUN KASHE MANA ƁAURE. A gabansu ga Des Hallam, tsohon malaminta na firamare, wanda yanzu shi ne shugaban masu adawa da ginin. Shi ya tsaya mata da karatu lokacin da babanta ya rasu, shi ya sa har gobe Malam take ce masa.

"'Yata, gara da ke aka turo," ya ce, idonsa jajir. "Da idona na ga Anh Luong a gindinsa, Lahadin da ta wuce waccan."

Ma'aikacin gandun daji ya nuna mata huda bakwai a saiwoyin.

"Maganin kashe ciyawa aka ɗura. Ya kai sati uku."

"Yaushe ganyen ya fara nunawa?"

"Alhamis ɗin nan. Kafin nan, ko ni ba zan gane ba."

Kansila Anh Luong, wadda ta gabatar da ƙudirin benayen, tana share gilashi a ƙofar gidanta.

"Kin je gindin bishiyar?"

"Ban taɓa ba."

"An gan ki."

Ta jingine tsintsiyar. "To, na je. Masu jiran bas na ƙirga. Sufeto, ma'aikatan asibitinmu awa biyu suke yi a hanya saboda haya ta gagare su a nan. In na ce na je, wa zai yarda ƙirga na yi? An riga an ce in yi murabus kafin gobe. 'Ya'yana ma sun ƙi zuwa makaranta."

Narelle ba ta tausaya mata sosai ba. Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, me zai hana shi ƙarawa? Ga kuma shaidar Malam, mutumin da ba ta taɓa ji ya karkata magana ba.

A hanyar komawa ofis ta tsinci kwali ɗaya da iska ta kayar. Bugun inji ne mai kyau, ba rubutun hannu na masu fushi ba. A ƙasa ga sunan shagon da ya buga. Ta leƙa don kawai ta cike rahoto.

"Guda ɗari biyu," in ji mai shagon, yana cin burodi da tsiran nama. "Des ne ya kawo aikin. Ran uku ga wata."

"Sake dubawa."

"Haba, ranki ya daɗe, ranar haihuwar matata ce, na manta, har yau ina shan faɗa. Uku ga wata."

Yau sha takwas. Ganye ya fara rawaya sha huɗu. Ta zauna cikin mota ta daɗe ba ta tada ita ba. Ta yi ta nema wa Malam mafita a ranta, ta rasa. Abin ya yi mata ciwo, ciwon da bai shafi aiki ba.

Ta same shi a lambun gidansa yana ba tumatir ruwa. Ya ce zai ɗora shayi, ta ce ya bari.

"Malam, yaushe ka san bishiyar ta mutu?"

"Alhamis, kamar kowa."

"To yaya aka yi ka buga mata ta'aziyya kwana sha ɗaya kafin nan?"

Ya yi 'yar dariya. "Na san halinsu ne, na shirya."

"Ga takardar bincike. In buɗe rumfar kayan aikinka, ko ka buɗe?"

Ruwan na ta zuba a kan takalminsa bai kula ba. Can ya je ya fito da na'urar huda katako da rabin galan na maganin kashe ciyawa.

"Ƙuri'a biyar gare su, mu huɗu," ya ce a hankali. "In mutane suka fusata, ɗaya zai sauya. Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan, Narelle. Hawa shida! Rana ba za ta ƙara leƙo lambun nan ba, baƙi za su riƙa kallon tsakar gidana daga sama."

"Sai ka ɗora wa matar mutane? Ka dube ni, ka ce mini 'yata, ka sa ni in kama maka ita?"

"Na san za ki yarda da ni."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai. Ta karanta masa laifinsa da muryar da take karanta wa kowa. Ba ta sa masa ankwa ba, amma ba ta bar shi ya zauna gaban mota ba.

Da suka zo wucewa ta tasha, jama'a suka hango shi, suka ɗaga kwalaye suna masa tafi. Ya sunkuyar da kai.

"Kaɗan na zuba," ya ce. "Don ya ɗan yi laushi ne kawai. In an yi ruwa zai farfaɗo, ko?"

Ta dube shi ta madubi.

"Ya mutu, Malam. Ran Juma'a za a sare shi. Yanzu babu abin da ya tare musu filin."