Alƙawarin da Ya Ɓace daga Kalandar Hajiya Zara

Kwaɗon ɗakin yana nan a kulle, akwatin yana nan a rufe. Alƙur'anin ne babu.

Hajiya Zara, mai haɗa turaren wuta da gyaran amare a unguwar Madabo, ta gane haka ne ranar Litinin bayan La'asar, da ta dawo daga Ƙofar Kabuga a gajiye. Dardumar da take rufe akwatin da ita ta gani an ninke ba irin ninkinta ba. Ta ɗaga murfin, ta zauna a ƙasa daɓas.

Rubutun hannu ne. Kakan mijinta ne ya rubuta shi a Barno, ya taho da shi Kano cikin gafakar fata. Kafin mijin nata, Malam Bukar, ya rasu bara, ya kira ta a gaban 'yan'uwansa ya damƙa mata shi amana. Wannan abu bai taɓa yi wa ƙaninsa Modu daɗi ba. Ga shi kuma ranar Juma'a dangi za su taru saukar cikarsa shekara da rasuwa, kuma da wannan Alƙur'ani ake buɗe karatun.

Sufeto Gwadabe ya iso kafin Magariba. Dogo ne siriri, ba ya son zama a gidan mutane, ya fi son ya yi ta zagaye yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ya tarar da Modu a tsakar gida yana ta faɗa.

"Yallaɓai, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a haura katanga ba. Sayar da shi ta yi. Idan Juma'a ta yi babu shi, a gaban dangi zan faɗa, kuma gidan nan sai ta bar shi."

"Malam, ka ba ni wuri tukuna," in ji Gwadabe. Ya juya ga Zara. "Hajiya, ina kike ajiye mukulli in za ki fita?"

"Ƙarƙashin kaskon turare, bayan randa."

"Wa ya san wurin?"

"Ni da 'yata Ikram. Sai 'Yardada."

'Yardada tana gefenta a kan tabarma, ta riƙe mata hannu, idonta ya yi ja don kuka. Maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma aminiya tun Zara tana amarya. A unguwar, in an ga ɗaya a gidan biki, ba a tambayar ina ɗayar, sai dai a waiga.

"Me ya fitar da ke yau?"

"Aiki. Wayata ce ta tuna mini. Duk alƙawuran amare a kalandar waya nake sa su, ko Ikram ta sa mini in ita ta amsa kira. Da safe na ga an rubuta gyaran amarya a gidan wani Alhaji Mikail a Kabuga, bayan Azahar. Na ɗauka ita ta sa. Na je na yi ta bulayi lungu-lungu, babu wanda ya san gidan."

"Nuna mini."

Ta buɗe wayar, ta ja sama, ta ja ƙasa. Litinin ɗin fili ce fetal, babu ko harafi ɗaya.

Modu ya tafa hannu. "To, ka gani! Har wayar ta ƙi rufa mata asiri."

"Wallahi na gani da idona," in ji Zara. 'Yardada ta rungumo ta. "Yi haƙuri, Ya Zara. Allah yana bayan mai gaskiya."

Gwadabe kuwa wurin alwala yake kallo, can kusurwar tsakar gida. Ƙasar wurin da danshi, ga buta a ajiye, rabi da ruwa.

"Hajiya, kin yi alwala da kika dawo?"

"A'a. A Kabuga na yi La'asar. Butar ma a bayan ƙofar ɗakina na bar ta."

Ya gyaɗa kai, ya yi sallama.

Washegari ya fara da Modu, don shi ya fi kowa baki. Bai ɗauki lokaci ba. Daga Azahar har La'asar Modu yana zauren gidansa yana biya wa magidanta karatu, kuma duk wanda aka tambaya ya shaida. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Mutumin da ke neman wanda zai karanta masa saƙon boko ba shi zai shiga kalandar wani ba. Gwadabe ya so a ce shi ne, don bakinsa kaɗai ya isa a tsare shi kwana ɗaya, amma ba shi ba ne.

Ikram ɗaliba ce a jami'a, kuma ranar tana ɗakin jarrabawa.

"Kin taɓa jin Alhaji Mikail?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai. Kuma ni in na sa wa Mama alƙawari sai na haɗa da lambar mai aikin. Wannan ta ce babu lamba."

Saura Nazeer, mai gyaran waya a bakin Ƙofar Mazugal, wanda ya saita wa Zara sabuwar wayarta bayan ta fita takaba. Gwadabe ya je da Zara. Da Nazeer ya ga ɗan sanda sai ya miƙe har ya ture kwalbar shayinsa.

"Ka san lambar sirrinta?"

"Ita ta danna da hannunta, Yallaɓai, ni juya kai na yi."

"Abu zai iya shiga kalandarta ya fita ba ta taɓa ba?"

"Zai iya. Kalandar ba a cikin wayar take zaune ba, tana cikin akawun ɗinta na imel, a intanet. Wayar leƙawa kawai take yi. Duk wayar da akawun ɗin yake kai, abin da aka rubuta a nan zai fito a can, abin da aka goge a can zai ɓace a nan."

"Abin da aka goge ya tafi ke nan?"

"Yana ɗan zama a kwandon shara kafin ya tafi."

Suka buɗe akawun ɗin a kwamfutar shagon. Ga shi nan a kwandon: gyaran amarya, gidan Alhaji Mikail, Kabuga. An goge shi ranar Litinin da yamma. Zara ta dafe ƙirji ta yi hamdala, don ko ba komai ta tabbata ba ita ce ta fara zarewa ba.

"Wayoyi nawa ne a kan akawun ɗin?"

Nazeer ya danna. Biyu ne. Sabuwar, da wata tsohuwa wadda ta leƙo ko a safiyar ranar.

"Tsohuwar wayata ce," in ji Zara. "Amma na goge komai kafin in bayar. Hotuna, saƙonni, ɗaya bayan ɗaya."

"Kin fita daga akawun ɗin, Hajiya?"

"Ana fita ne?"

"Wa kika ba?" in ji Gwadabe.

Zara ta yi 'yar dariya. "'Yardada. Amma Yallaɓai, cire ta a ranka. Matar nan ita ta yi mini zaman takaba. Tun da na koma aiki, ranar da zan yi nisa sai in ga ta shigo da abin kari ban gaya mata ba. Ranar da Malam ya cika wata shida, ni kaɗai na san lissafin, sai ga ta da sadakar waina. Zuciyarmu ɗaya ce."

"Kin sa ranar a kalanda?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Zara, ta dubi wayar da ke hannunta.

Da Gwadabe ya tambayi 'Yardada a zauren gidanta, ko gezau ba ta yi ba.

"Ai wayar nan tuni aka zare mini ita a Adaidaita Sahu, hanyar kasuwar Kurmi. Kunyar Ya Zara ce ta hana ni faɗa."

"Kin kai rahoto?"

"Haba Yallaɓai, tsohuwar waya?"

Amsa ce mai kyau, kuma babu yadda zai ƙaryata ta. Ya koma wurin Zara, ya sa aka fitar da kowa, ya karɓi wayarta ya rubuta a ranar Laraba: "Asibiti, likitan zuciya, da hantsi. Kada Ikram ta sani." Ya sa ƙararrawar tunatarwa.

"Kada ki faɗa wa kowa da baki. Ko 'yarki."

"Lafiyata ƙalau fa."

"Na sani. Idan ɓarawon titi ne ke riƙe da wayar, ciwonki ba zai dame shi ba."

Laraba da sassafe Gwadabe yana zaune a kan turmi a tsakar gidan, tare da wata 'yar sanda cikin kayan gida. Ba su daɗe ba aka yi sallama. 'Yardada ce, da mayafin unguwa da takalmin fita, jaka a kafaɗa, kwanon kunu da ƙullin ƙosai a hannu. Ta gan su, ta gaishe su, ta wuce wurin Zara.

"Ya Zara, sha wannan da zafinsa kafin ki fita. Ban sa gishiri a ƙosan ba."

"Malama," in ji Gwadabe, "wa ya ce miki za ta fita?"

"Ai… gani na yi kwana biyu jikinta ba daɗi."

"Shi ya sa kika sako takalmin unguwa?"

Kafin ta haɗa amsa, wayar Zara ta yi ƙara a kan tabarma. A daidai lokacin wata ƙarar irinta sak ta taso daga cikin jakar 'Yardada. Ƙararrawa biyu suka yi ta kaɗawa tare, babu wanda ya motsa. 'Yar sandar ce ta miƙa hannu ta zaro tsohuwar wayar. A fuskarta an rubuta: asibiti, likitan zuciya.

Gwadabe ya miƙe tsaye.

"Tun ranar farko na san ba ɓarawon titi ba ne. Wanda ya shigo ya san inda mukulli yake, ya buɗe, ya kulle, ya mayar. Kuma kafin ya taɓa akwatin sai da ya ɗauko butar Hajiya daga bayan ƙofarta ya yi alwala. Ɓarawon waya ba zai san butar ba. Ke kika rubuta alƙawarin Kabuga a wannan wayar, ya fito a tata, ta fita. Kina gamawa kika goge shi, ya ɓace a tata, aka mayar da ita maƙaryaciya a gaban ƙanin mijinta. Abin da ban sani ba shi ne ko wayar tana hannunki har yanzu. Sai na sa mata ciwo, don na san ba za ki iya zama a gida ba."

'Yardada ta ajiye kwanon a hankali.

"Ba sai mun birkice miki ɗaki ba," ya ci gaba. "Wadda ta yi alwala kafin ta ɗauka ba za ta binne shi a buhun gero ko ƙarƙashin gado ba. Yana wurin da ya fi ko'ina tsawo a ɗakinki, kuma babu komai a kansa. Saman sif ne?"

Ta gyaɗa kai.

A can aka same shi, naɗe cikin sabuwar atamfa da ba a taɓa ɗinkawa ba. Wani mai sayen tsofaffin littattafai ne zai zo ya ɗauka ranar Alhamis. Aka dawo da shi gidan Zara, aka aika wa Modu ya zo ya duba. Ya buɗe gafakar, ya ga hannun kakansa, ya rufe. Ya tsaya yana murza hula, da ƙyar ya ce, "Hajiya, a yafe ni." Ba ta ko dube shi ba. 'Yardada take kallo.

"Ke kika riƙe mini hannu yana ce mini ɓarauniya," in ji Zara. "Kina kuka. Wallahi da wuƙa kika sa mini da ya fi sauƙi. Abin karin nan, da wainar sadaka, duk waya ce take gaya miki?"

"Waya ce take gaya mini ranar. Zuwan ni nake yi."

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba, Ya Zara. Abin da kika gama da shi kike ba ni. Tsohon leshi, tsohuwar waya, ni kuma in yi ta godiya. Bikin 'yata Hauwa ya matso, ko katifa ban tanada ba. Kullum ina ganin sunayen 'ya'yan masu kuɗi suna wucewa a wayar nan, kina musu gyara. Na duba har ƙarshen shekara, sunan 'yata ba ya ciki. Ko turare ba ki sa za ki kai mata ba."

Zara ta tashi. Ta nufi ɗan ɗakin da take ajiye itacen turare, wanda ba ta barin kowa ya shiga, ta buɗe ƙofar ta bar ta a wangale. Ga gado a jingine ba a haɗa ba, ga katifa cikin ledarta, ga kwanuka jere, ga kwalaben humra. A jikin kowane kwali an rubuta Hauwa.

"Tun ina takaba nake tarawa. Shi kaɗai ne ban sa a kalanda ba, don ba abin da zan manta ba ne."

'Yardada ta durƙushe a bakin ƙofar, ta kifa kai a gwiwa. Wannan karon babu wanda ya riƙe wa wani hannu.

Gwadabe ya ɗan jira, sannan ya ce, "Hajiya, sai mun je ofis da ita."

"Ku je. Kayan kuma a kai wa yarinyar, ita ba ta yi mini komai ba." Ta miƙa masa sabuwar wayar. "Nuna mini inda ake fitar da mutum."

Ya buɗe mata wurin. Sunan tsohuwar wayar yana nan a ƙarƙashin na sabuwar. Ta danna da kanta, ya ɓace.