Takardar da Mama Ta Cika

Auta na zaune a falo riƙe da biro, Mama na tsaye a kanta kamar mai gadin jarrabawa. Saura wata biyu bikinta da Malam, mai koyarwa a makarantar kurame. Fasto ya ba kowannensu takarda ya rubuta burinsa uku na rayuwa, shi kaɗai, bayan ya yi addu'a.

"Rubuta! Digiri na biyu a ƙasar waje. Aiki a babban kamfani. Gidan kanku kafin haihuwa."

"Mama, Fasto fa cewa ya yi ni kaɗai..."

"Fasto ne ya haife ki?"

Ta rubuta. Tun rasuwar Baba ba ta taɓa ce wa Mama a'a ba, ko kalar takalmi ita ke zaɓa mata.

Ranar Asabar suka yi musayar takardu a ofishin Fasto. Ta Malam ba ta da ado: ya tsufa tare da ɗalibansa kurame, ya koya musu Littafi Mai Tsarki da maganar hannu, ya riƙe gida mai tsoron Ubangiji. Malam ya karanta tata sau biyu, ya ɗago ya dube ta.

"Ashe tafiya kike so? Ni kam ba zan iya barin yaran nan ba."

Fasto ya girgiza kai. "'Ya'yana, hanyoyin nan ba su haɗu ko'ina ba. Ba zan ɗaura aure a haka ba."

A wajen Mama faɗuwa ta zo daidai da zama, dama ba ta taɓa son malamin ba. Auta kuwa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da ta ɗauko sabuwar takarda don ta rubuta burinta da kanta, sai ta tarar ba ta ma san abin da take so ba, tana da shekara ashirin da shida! Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Wata guda tana addu'a kafin ta durƙusa gaban Mama.

"Na tambayi Ubangiji, na tambayi zuciyata. Aikin jinyata zan ci gaba da yi a nan. Malam nake so. Na ukun kuma, ba zan aure shi ba sai da albarkarki."

"To kya tsufa a ɗakin nan! Ba da yawuna ba!"

Shekara uku ana haka. Auta ta riga ta gaya wa Fasto da Malam gaskiyar takardar farko, Malam ya ce zai jira ta. Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, suna ce mata, "Ke dai kina ɓata taim ɗinki!" A coci Malam na zama can baya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Sau da yawa ta shiga banɗakin asibiti ta yi kuka, ta wanke fuska ta koma kan marasa lafiya. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa Mama murya ba.

Wata safiya Auta na daddanna wa Mama ƙafa, Mama ta daɗe tana kallon ramar da ta yi, sai hawaye.

"Ni har yau ban ga abin da kika gani a jikinsa ba. Amma na ga na cinye miki shekara uku. Ce masa ya sake turo manyansa."

Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma fa hannunsa na shan wuta. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku addu'a da shawara, ku bar su su ji kiran Ubangiji da kunnensu. Auta ta samu mijinta, shekarun nan uku kuwa babu mai dawo mata da su.