Gwajin Kabarin Kaka

Ranar da Ersa ya fara ganin Sofiya, ƙasa ce a jikinsa tun daga hula har takalmi. Daga maƙabartar kan tudu ya sauko zuwa babban shagon mahaifinta a garin Linxia na ƙasar Sin, yana neman farin yadin likkafani. Wani tsoho mai shara ne ya rasu, ba ɗa ba jika.

Sofiya ta auna, ta naɗe, ta miƙa masa. Ya kai hannu aljihu, ta girgiza kai.

"Kai ka haƙa, ni na tufatar. Ko ladan ma kai kaɗai za ka kwashe?"

Bawan Allah ya rungumi yadin. Ya juya da sauri, ya bar sawun ƙafarsa raɗau a kan dardumar siliki.

"Malam Ƙasa," ta ce tana dariya, "mun gode da tsaraba!"

Sunan nan ya bi shi, shi kuma zuciyarsa ta bi wadda ta raɗa masa shi. Da safe Ersa taliya yake murzawa yana ja da hannu a wani ɗan gidan abinci, in an yi rasuwa kuwa ya ɗauki shebur ya hau tudu don Allah, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Tsakanin tukunya da tudu wayarsa ba ta hutawa.

"Malam Ƙasa, ka ci abinci? Kar ka ce min eh, na san halinka."

"Hasken idona, na ci. Amma tun da na ji muryarki jiya na kasa bambance gishiri da sukari. Masu shan romo sun kai ƙarata."

Da ya aika manya da ƙunshin ganyen shayi na neman aure bisa al'adar garin, mahaifinta Alhaji Min ko kwance shi bai yi ba, ya mayar. Alhaji ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. A ɗakin kogo ya tashi cikin duwatsu, da yunwa da sanyi.

"Talauci ba labarinsa aka ba ni ba, kwana na yi da shi," ya ce wa masu aiken. "Sofiya kaɗai gare ni. Ba zan mayar da ita inda na fito ba."

Shi ɗan wani mai otal a birnin Lanzhou yake so ya aura mata. Wata rana Ersa ya hango Sofiya tana fitowa daga motar yaron, sai ya ɗauke wuta. Kishi ya hana shi ko amsa gaisuwa, har sai da saƙonta ya shigo.

"Kaka muka kai asibiti, Baba ne ya kira motar. In kishi za ka yi ka yi shi da baki, shiru ba ya yi maka kyau. Ni fa kai nake so, kuma ina tsoron rasa Kaka."

Kunya ta kama shi. Ya ba ta haƙuri har sai da ta ce ya isa haka.

Da lokacin kaka ya kama, ganye ya fara zuba, tsohuwar, mahaifiyar Alhaji, ta cika. Ersa ne ya haƙa kabarin. Ya gama rami, ya fafe ɗakin gefe inda za a kwantar da ita, sai ga Alhaji Min da mota ɗauke da farin marmara da darduma mafi tsada a shagonsa.

"Ka shimfiɗa mata waɗannan," ya ce, idonsa jajur. "Ta sha kwanan ƙasa a duniya, ba za ta ƙara ba. Ka yi min wannan, sai mu sake zama a kan maganar shayinka."

Ersa ya ajiye shebur. Ga Sofiya an miƙo masa a tafin hannu. Ya dubi dardumar, ya dubi ramin, ya ji kamar ya fashe da kuka.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan iya ba. Ka san ba a yi. Shimfiɗar da za ta kwanta a kai ta riga ta aika gaba, da sallarta da abincin da ta ciyar. Wannan ba za ta isa can ba."

"Ni kake yi wa wa'azi a kan uwata?"

Ersa ya sunkuyar da kai. A ransa ya riga ya yi ban kwana da Sofiya.

Liman ya iso da jama'a, ya ce a mayar da kayan mota. Saura gwaji, domin a al'adar garin ba a sa gawa sai ɗanta ya shiga ya kwanta ya tabbatar wurin ya yi daidai. Alhaji ya cire agogo da takalmi, ya ajiye waya. Ya sauka da ƙyar, bai ko kalli hannun da Ersa ya miƙa masa ba. Ya rarrafa ya shige, ya kwanta ta gefen dama yana fuskantar alƙibla.

Da ya daɗe bai fito ba, Ersa ya leƙa.

Alhaji na kwance yana shafa ƙasar. Babu tsakuwa ko ɗaya, domin da tafin hannu Ersa ya lailaye ta, ya kuma tara mata ɗan matashin ƙasa. Hawaye na gangarowa cikin gemun dattijon.

"Irin ƙamshin ɗakinmu na da," ya ce a hankali. "A nan take rungume ni in sanyi ya yi. Tun da na yi arziki ban sake barci irin wancan ba." Ya ja numfashi. "Na kowa haka kake yi?"

"Na kowa, Baba."

Wannan karon Alhaji ne ya miƙo hannu. Da Ersa ya jawo shi, Alhaji bai sake shi ba.

"Yaro, ba ni da ɗa namiji. Ran da tawa ta zo, kai za ka kwanta min."

Bayan sadakar arba'in shayin ya koma gidan, aka kwance shi, aka dafa. Ranar ɗaurin aure liman ya watsa wa ango dabino da gyaɗa, yara suka yi ta wawaso. Alhaji Min ya haɗa hannun 'yarsa da na Ersa.

"Allah Ya ba ku abin da zai ishe ku a nan, Ya tara muku mai yawa a can."

Gida ya ɗauka da amin. Sofiya ta matse yatsun mijinta, tana kuka tana dariya.