Ranar Da Wayar Baba Ta Yi Shiru

Ranar da Auta ta fara shiga shagonsa na gyaran waya, hannunta ɗaya riƙe yake da mahaifinta, ɗayan kuma da wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalin murafun wayoyi da ba mai dawowa nema. Ya ɗago zai yi mata sannu da zuwa, suka haɗa ido, sannun ta maƙale masa.

"Kamfanin wayar ya daina aiko mata afdet, wato sabuntawa," in ji ta. "Ko'ina muka je sai a ce ta zama gawa. Baba kuma ya ƙi wata, ya san inda kowane maɓallinta yake."

Baba tsohon direba ne, hawan jinin ido ya tafi da ganinsa. Matarsa ta rasu, manyan 'ya'yan sun yi aure nesa, saura Auta. Ita ke karanta masa saƙo, ita ke duba sunan magani, ita ke faɗa masa mai kira. Samari sun zo sun gaji sun tafi, don duk wanda ya yi zancen aure sai ta tambaye shi wa zai zama idon Baba.

Mai gyaran ya yi musu bayani. Akwai wani tsarin waya da 'yan sa kai ke ginawa kyauta, a buɗe yake, kowa na iya shiga cikinsa ya gyara, shi ma yana cikinsu. Kwanan nan aka saka masa murya mai karanta fuskar waya da Hausa, har hanya tana faɗa wa mutum, sai dai a sigar gwaji kawai take.

"Gwaji ce, Baba. Kullum ana sabunta ta, yau ta gyaru gobe ta yi gardama."

"Motar da na tuƙa ma haka take," in ji Baba. "Sa min."

Da wayar ta buɗe baki ta faɗi lokaci da Hausa, Baba ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Auta ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Tun daga ranar ta raɗa wa mai shagon suna Malam Gwaji.

Saƙonsa na farko na aiki ne, na biyu kuwa ya fara zamewa.

"Ranki ya daɗe, ya wayar Baba? Ya kuma mai riƙe da hannun Baba?"

"Waya lafiya. Mai riƙe hannu ta samu hutu, yau shi kaɗai ya je kantin magani. Na tsaya a ƙofa zuciyata na dukan uku-uku har ya dawo."

"To hannun da ya samu hutu fa, akwai mai nema."

"Malam Gwaji, ni ma gwajin za ka yi da ni?"

"Haba Autata. Ke kam ba gwaji, na gama yanke shawara."

Ta karanta ta sake karantawa. Karon farko ke nan da ta bar kanta ta yi tunanin ɗakinta na kanta, kuma tunanin ya yi mata daɗi har ya ba ta tsoro.

Abu ɗaya ya manta, kuma shi ya rusa komai: bai kashe sabuntawar da wayar ke yi da kanta ba. Wata safiya Baba yana hanyar kantin magani sabon afdet ya sauko, wayar ta kashe kanta a aljihunsa, ta taso babu murya. Baba ya tsaya a tsakiyar hanya yana kiranta kamar mutum. Da ya gaji ya ci gaba da lalube, ashe masu aikin ruwa sun haƙa rami a gefen titi. A ciki aka tsamo shi, hannun dama a karye.

Malam Gwaji ya zo asibiti. Baba bai bari ya gama gaisuwa ba.

"Da ni kuka yi gwajin ke nan. To ya yi kyau, kun samu sakamako. Kada in sake jin takunka a gidana."

Aka jefa wayar a durowa. Auta ta koma riƙon hannu, yanzu har da ba da abinci a baki.

Ɗan gwaggonta, wanda take kira Yaya, bai yi sanya ba. Ya kawo sabuwar waya dal, tana zuba Turancin da Baba ba ya ji, ya kuma kawo maganar da Baba ke son ji: in aka ba shi Auta, a ɗakin da ba kowa a gidan za su zauna, ba inda za ta. Yaya mutumin kirki ne, abin da ya ƙara mata baƙin ciki ke nan, don ba ta da laifin da za ta kafa hujja da shi.

Ta rubuta wa Malam Gwaji. "Baba na fushi ne, zai huce. Ka yi min magana."

Shiru.

"Ana zancen Yaya a gidan nan. Ni kaɗai nake faɗa, na fara gajiya."

Shiru.

"Na gane. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kwanaki suka shuɗe ba amsa. Ta rame, ta daina kwalliya. Ƙarshe ta shirya ta tafi shagon, ta ce ko ba komai ta faɗa masa a idonsa cewa shi matsoraci ne.

Ba ta samu idon ba. Zaune yake ya ɗaure fuska da hankici, goshinsa da ƙulu inda matakala ta buge shi, wayarsa a hannu an liƙe fuskarta kaf da baƙin salatif. Yana shafa ta yana kasa kunne.

"Wannan wane irin hauka ne?"

Ya zabura ya cire hankicin. "Auta?"

Ya ce mata abokan aikinsa na can nesa sun duba a wayoyinsu ba su ga matsala ba, don ba mai amfani da muryar Hausa a cikinsu. Shi ne ya sa ɓatacciyar sigar a tasa, ya rantse ba zai kalli fuskarta ba sai ya gano inda muryar ke mutuwa ya kuma tabbatar da kunnensa cewa ta gyaru, yadda Baba ya ji shi ma ya ji.

Ta fizge wayar ta ɓare salatif ɗin. Saƙonninta na nan a jere, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ya karanta su a gabanta, da ya kai na ƙarshe sai ya kifa kai a teburi.

"Na gano matsalar, Autata. Na aika gyaran, sun karɓa."

"To ka rantse min ba za ta sake ɓaci ba."

Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. Mutane ne ke gina ta, kullum ana taɓawa."

"Ni ma ba zan iya barin Baba ba," ta ce a hankali. Ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Ta ce wa Baba ta amince da Yaya. Daga nan gidan ya mutu. Tana karanta masa saƙo da murya kamar ta mai karanta takardar magani. In za ta yi kuka sai ta shiga kicin ta saki famfo. Ta manta cewa wanda ya rasa ido kunnensa ba ya barci.

Wata rana ta dawo daga kasuwa ta tarar ba Baba, ba sanda, durowa a buɗe. Ta zubar da cefanen a ƙofa ta bi titi tana leƙa kowane rami tana kiran sunan Allah. Ƙafarta ce ta kai ta ƙarƙashin benen.

Baba na zaune a bencin shagon, wandonsa duk taɓo, hannu rataye a wuya. Da tambaya ya zo, daga wannan mai wucewa zuwa wancan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Wayar za ta sake mutuwa?" Baba ke tambaya.

"Za ta iya, Baba. Na kashe sabuntawar, daga yau sai na gwada a tawa kafin ta shiga taka. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Baba ya jinjina kai. "Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Da wayar nan ta fara magana na yi murna, daga baya na gane in ta ci gaba da magana za a tafi min da Auta. Ina cikin ramin nan, hannuna a karye, wallahi wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na ce shi ke nan, ba inda za ta." Ya sunkuyar da kai. "Wane irin uba ne wannan?"

"Baba!" Auta ta faɗo ciki ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

Ya lalubi kanta ya dafa. "Tun ɗazu na ji numfashinki. Tashi. Kai kuma ka turo manyanka. Ɗan gwaggonta ni zan ba shi haƙuri."

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Yaya ya zo, ya yi wa ango murna da idanu jajaye. Da za a tafi da amarya sai da aka ɓamɓare yatsunta daga rigar Baba, shi kuwa yana ta faɗin, "Ku tafi mana, kuna ɓata wa direba lokaci."

Kafin la'asar kowa ya watse. Baba ya zauna shi kaɗai a falo, kwanon abincinsa a rufe a gabansa bai taɓa ba. Can wayar ta yi ƙara a aljihunsa, muryar ta ce saƙo daga Auta, ta karanta.

"Baba mun iso lafiya. Maganin yamma yana gefen dama, ƙaramin kwalin. Ka ci abinci? Don Allah ka faɗa min gaskiya."

Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara murya sosai, sannan ya kai wayar bakinsa ya faɗa mata abin da za ta rubuta.

"Na ci, Auta, har na ƙara. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ki kula da mijinki, ni ina nan lafiya lau."