Mai Sayen Kaset

Laraba ce, sha biyar ga Agusta, 2007. An wayi gari da yayyafi, sama ta yi duhu kamar ba za ta washe ba. Ku matso, in ji Yaya Barira ga ƙannenta, 'ya'yan ƙanwar mahaifiyarta, kun san muryata ba ta nisa. Suwaiba, rage fitilar nan.

A ranar nan, kwana arba'in da rasuwar Baba, na shiga ɗakinsa in rage tarkace. Ga talabijin mai ƙusumbi, ga rediyo mai cin kaset, ga bidiyon da ya daɗe da mutuwa, ga kwali cike da kaset. Na fito da su zaure, ina jiran 'yan gwangwan su zo in sayar.

A cikin kwalin akwai kaset ɗaya da na sani, mai jan tambari. Baba bai iya boko ba, a kaset yake naɗar saƙo a aika kamar wasiƙa. Wannan ya naɗa wa ƙanensa Baffa Ilu da ke Kumasi, wanda suka shekara goma sha ɗaya ba sa magana saboda gona. Yana kwance ya ce in kai gidan waya. Na ce to. Ban kai ba. Na tsani Baffa Ilu, na jefa kaset ɗin cikin sauran.

Har la'asar ta wuce babu mai saye. Ana kiran magariba wani dogon mutum ya tsaya a ƙofa da baro. Ban ji ƙarar taya ba. Bai yi sallama ba. Kafin ya yi magana sai wani shuuu ya fara fita daga bakinsa, irin wanda kaset ke yi kafin murya ta taso.

Na nuna masa talabijin, ko kallo bai yi ba. Kwalin yake so. Daga cikin gida Inna ta ce in bari sai da safe, ba a ciniki da almuru. Na yi kamar ban ji ba.

"Duka?" ya ce.

"Duka."

"Faɗi da bakinki."

"Na sallama."

Ya ajiye kuɗi a ƙasa, bai miƙo mini ba. Sanyi gare su.

Bayan isha Inna ta kira ni, idonta jajur. Ta ce in tuna mata yadda Baba ke kiran sunana, ta nema a ranta ta rasa. Na buɗe baki, ni ma babu. Fuskarsa na nan, tarinsa da dariyarsa da muryarsa sun tafi. Sai ta tambaye ni ko saƙon Ilu ya isa. Na ce yana cikin kwalin da na sayar. Ta juya mini baya.

Na ɗauki tocila da kuɗin na fita. A cikin taɓo ga sawun mutum babu sawun baro, kuma yatsun duk gidanmu suke kallo, alhali tafiya ya yi. Na bi su ta bayan tsohon injin auduga, siririyar hanyar nan da ke gangarawa kududdufi.

Yana tsugune a bakin ruwa. Yana zaro zaren kaset da farce yana haɗiyewa. In ya haɗiye sai ya yi magana da muryar da ke ciki: mai wa'azi, mawaƙiya, jariri yana kuka. Na haska ƙafafunsa. Dugadugan ne a gaba.

Na watsa masa kuɗinsa, na ce kaset ɗaya nake so, mai jan tambari. Ya ɗaga shi, ya ɗan ja zaren da haƙori, ya tauna.

"Barira," ya ce da muryar Baba. "Ke na ba amana."



"Ba naka ba ne," na ce.

"Kin sallama. Ciniki ba ya komawa." Shuuu. "Sai dai musanya."

"Da me?"

"Murya da murya. Ke mai rowar saƙon matacce, me za ki yi da taki?"

Na yi ta karanto abin da ya zo bakina, yana kallona yana jira. Sannan na miƙa hannu. Ya ce in kira sunan ubana da iyakar ƙarfina. Na kira. Ƙarar ba ta kai kunnena ba, na ga dai maƙogwaronsa ya motsa. Ya wurgo mini kaset ɗin a taɓo.

Tun daga ranar ban sake iya ɗaga murya ba. Ko gobara ta tashi, iyakata ke nan. Kada in ji ɗayanku ya bi hanyar kududdufin nan shi kaɗai, kuma kada ku sallama kaya bayan an kira magariba.

Suwaiba ta tambaya cikin raɗa ko Yaya Barira ta saurari kaset ɗin.

Sau ɗaya, ni da Inna, in ji Barira. Farkonsa ya gutsure, babu gaisuwa. Daga "ka yafe mini, Ilu" ya fara.

Da safe na naɗe shi a takarda, na rubuta gajeriyar wasiƙa cewa jinkirin laifina ne, ba na Baba ba. A gidan waya ma'aikacin ya tambaye ni sau uku ina za ta, bai ji ni ba. Na nuna masa Kumasi a bayan ambulan, na manna kan sarki, na jefa ta a akwati.