Ɗankwalin Laure a Gurbin Tamba

Ranar wata Alhamis bayan la'asar na ce wa matata Laure zan je Argungu in kai wa Kawu Labbo maganin ido. Maganin yana aljihuna, wannan kam ba ƙarya ba ne. Abin da ban faɗa mata ba shi ne ɗankwalinta shuɗi da na zare daga igiyar shanya yana cikin rigata, haɗe da wata takardar asibiti da na yi sati uku ina yawo da ita.

A lokacin shekara biyu ke nan da aka ƙirƙiro mana jihar Kebbi. Ni akawu ne a wata ma'aikata, muna haya a Gwadangaji. Wata safiya na tashi da ƙuraje a gabana, ƙanana masu ɗurar ruwa, ga zafi kamar an barbaɗa barkono. Kunya ta hana ni zuwa asibiti sai da suka bushe. Likitan ya duba bai ga abin kirki ba, ya ɗebi jinina ya aika wani ɗakin gwaji mai nisa. Da sakamako ya dawo, ya daɗe yana juya takardar a hannu.

"Malam Sirajo, ina zargin wata cuta da ake kira hafis. Ana ɗaukarta ta wajen saduwa. Amma gwajin nan bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ka dawo bayan wata uku mu sake."

"Wata uku? To wa ya sa mini?"

"Ko ta tabbata, takarda ba ta faɗin wannan. Cutar takan kwanta a jiki shekaru ba a sani ba. Ba ta kisa, kuma akwai maganin da ke kwantar da ita. Ka yi magana da iyalinka."

Na fito ina zaginsa a zuci. Mutum ya yi karatun shekara bakwai, a ƙarshe ya ce maka bai sani ba. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Kullum sai na shiga banɗaki da tocila ina duba jikina, ko cizon sauro na gani sai gabana ya faɗi. Na ware shimfiɗata, na ware butata. In Laure ta yi dariya da mai kayan miya sai in ji kamar in shaƙe ta. In ta yi shiru in ce rashin gaskiya ne. Akwai wata shida da na yi ni kaɗai a Birnin Kebbi kafin in samo ɗakin da na ɗauko ta, amma waɗannan watannin ban yarda na sa su a lissafi ba.

"Malam, in laihi niy yi ka hwaɗa min," ta ce ranar Alhamis ɗin nan ina tada babur.

"Ke kin san abin da kika yi."

Ban waiwaya ba, na ba babur wuta.

Na isa Argungu rana ta yi ja. Kawu Labbo, yayan mahaifiyata, yana zaure yana ɗinkin homar kamun kifi da lalube, don idonsa ya yi rauni. Masunci ne tun yana yaro, a hannunsa na koyi iyo. Na miƙa masa maganin, sannan na tambaye shi zancen Gurbin Tamba, kamar dai hira ce ta kawo.

Tun muna yara mun san labarin. Wani wuri ne mai zurfi a gulbi, can yamma da inda ake ɗaure jirage. A zamanin iyayenmu da kakanninmu in an sace taru aka zargi wani, sai a sa tufarsa a ƙwarya a tura gurbin da magariba. In ƙwaryar ta kife, shi ne ɓarawon. Malamai sun hana tuntuni.

Kawu ya ajiye homar.

"Wa kaka zargi?"

"Ba kowa, Kawu."

"Ƙarya kakai. Tun da kash shigo nij ji numfashinka. Saurara, Sirajo. Sau ukku nig ga an tura ƙwarya wurin ga, duka ukkun sun kihe. Masu tuhwahin babu wanda yag ga wata damina."

"Ai ɓarayi ne."

"Guda cikinsu ƙanena na. Bayan mun rufe shi anka iske tarun maƙale ga saiwa." Ya nuna ni da allura. "Laihi tudu na, ka taka naka ka hango na wani. Tashi ka yi alwala, magariba ta yi."

Na ce to. Na fita kamar mai neman buta, na ɗauki ƙwaryar da ke kife kan randa, na bi ta bayan gida. Ni a lokacin ba gargaɗi na ji ba, tsoho ne kawai yake son hana ni sanin gaskiya. Na gaji da jira. Ko ruwa ne zai ba ni amsa, ina so.

Hanyar gulbi babu kowa. Warin hayaƙin bandar kifi ya bi ni har bakin fadama, daga nan sai warin taɓo da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Kwaɗi sun cika wurin da kuka. Daga cikin gari aka ɗaga kiran salla, na ji, na ƙara sauri.

Na wuce jiragen da aka ɗaure, suna gugar juna a hankali. Gaba kaɗan ruwan ya sauya launi, ya yi baƙi, ko motsi ba ya yi. Na cire takalmi. Na zaro ɗankwalin, ƙamshin man kanta yana nan a jiki. Na dunƙule shi cikin ƙwaryar, na durƙusa.

"In ita ta sa mini, ki kife," na ce, na tura.

Kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Ƙwaryar ba ta bi ruwa ba. Ta miƙe sak zuwa tsakiyar gurbin, kamar wadda ake ja da zare. Sauron da ke kuka a kunnena ma ya ɗauke. Sai wani sanyi da ya taso daga ƙasa ya kama mini gwiwoyi.

A hannun hagu na ji ana bugun wanki.

Tim. Tim.

Wata mace ce zaune kan wani tsohon jirgi da aka kife, ta ba ni baya. Da na zo babu kowa a wurin. Tana ɗaga tufa tana makawa a ruwa, amma ruwan ba ya fantsama. Gashinta a sake, jiƙe, ya sauka har cikin gulbi. Wari ya bugo ni, irin na kifin da ya kwana a rana.

Na yi sallama da muryar da ban san tawa ce ba. Ba ta amsa ba.

"Ka kawo ta," ta ce.

Tana gabana, amma muryar a ƙeyata na ji ta.

"Tambaya na zo yi," na ce.

"Ba mu ba da labari nan. Abin da anka miƙo muna, namu na."

Na dubi ƙwaryar. Ta tsaya a tsakiya, ta fara juyawa.

"Ni so nake in sani kawai."

"Ka kawo nata." Bugun ya tsaya. "Ina naka?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara wata tambayar.

"Ina na Ɗayyaba ta Nasarawa?"

Duk duniya babu wanda na taɓa faɗa wa sunan nan. Matar da nake zuwa ɗakinta ce a watannin nan shida, kafin Laure ta tare. Ta bar gari tuntuni, ni ma na binne zancen.

Matar da ke kan jirgin ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa, kamar ruwa na shiga tulu.

Gefen ƙwaryar ya nutsa. Na ga shuɗin ɗankwalin ya fara jiƙewa.

A nan maganar Kawu ta shiga kaina. Duka ukun sun kife. Da mai laifi da marar laifi, duk ɗaya ne a wurin nan. Laure na miƙa musu da hannuna, matar da ko asibiti ban kai ta ba, ko tambayarta ban yi ba.

Na faɗa ruwan da rigata.

Sanyinsa ya yanke mini numfashi. Na yi iyo yadda Kawu ya koya mini, amma ruwan ya yi nauyi, kamar kunu. Ƙwaryar ta kife daidai lokacin da na miƙa hannu. Na cafko gefen ɗankwalin.

Wani ya riƙe ɗaya gefen daga ƙasa.

Na ja. Aka ja.

Yatsu suka zagaye mini idon sawu, dogaye, masu santsi. Kaina ya nutse. Na buɗe ido cikin duhu ban ga komai ba, sai gashi da ke shafar fuskata ta ko'ina. Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, na ɓace a tsakiya, na sake daga farko.

Muryar ta zo cikin kunnena.

"Saki nata ka hita."

Na naɗe ɗankwalin a hannu.

"Saki."

Ƙirjina kamar zai tsage. Na ƙi.

Sai na ji wasu yatsu sun shiga cikin rigata, suna lalube a hankali. Suka zare wani abu. Ɗankwalin ya yage, ƙafata ta kuɓuta.

Na taso ina amai da ruwa. Wani abu mai tauri ya buge ni a kafaɗa, na rungume shi. Sandar tuƙin jirgi ce. Ashe Kawu Labbo ya biyo ni, shi ne riƙe da ɗaya bakin sandar, tsaye cikin ruwa har ƙugu, yana karatu da ƙarfi yana ja. Ya fitar da ni kan taɓo kamar buhun shinkafa. Na waiwaya wajen tsohon jirgin, babu kowa a kai. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Kawu bai ce sannu ba. Mari ya fara ba ni, mai kyau. Ya lalubi hannuna, ya taɓa ɗankwalin, ya ji inda ya yage.

"Ba su sakin mutum hakanan. Mi kab bar musu?"

Na shafa ƙirjina. Takardar asibitin ba ta nan.

"Takarda ce kawai, Kawu."

"Da sunanka bisa?"

"E, Kawu," na ce. Ya kama hannuna muka nufi gida.

Washegari da hantsi na koma Gwadangaji. Na tarar da Laure kwance, maƙwabciyarmu tana mata fifita. Wai jiya da magariba tana alwala ta yanke jiki ta faɗi, tana kakari kamar wadda ta shaƙi ruwa, sai da aka yi ta tofa mata addu'a ta dawo. Da maƙwabciyar ta fita na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, da ƙurajen, da takardar, da Ɗayyaba, da ƙwaryar. Na ajiye ɗankwalin a gabanta.

Ta ɗauka ta shafa inda ya yage.

"Sati ukku kana kallona kamar najasa," ta ce. "Kai ka tahi ɗakin wata, ni kak kai gulbi."

Ta tashi ta haɗa kayanta. Ranar ta tafi gidansu a Ambursa, ta yi kwana arba'in. Da ta dawo, sharaɗi ɗaya ta kafa: asibitin nan tare za mu koma, ta ji da kunnenta. Sauran kwanakin jiran mun yi su a gida ɗaya, ba hira ba dariya. Amma abin mamaki, na fara samun barci. Fargabar tana nan, sai dai ta daina cin naman jikina tun da na daina ɓoye ta.

Da wata uku suka cika aka ɗebi jininmu mu biyu. Nawa ya nuna cutar, nata bai nuna ba. Likita ya yi mana bayanin magani da lokutan da ya kamata mu nisanci juna, Laure tana yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ni kaina a sunkuye.

Ba ta yar da ɗankwalin ba. Ta rataye shi a ƙusa saman gadonmu, inda zan gan shi kullum. Gefen da ya yage har yau bai bushe ba, ko a tsakiyar bazara. Ban sake zuwa bakin gulbi ba, ko da Kawu ya rasu a zaure na tsaya.

Ba ta taɓa cewa ta yafe mini ba, ni ma ban da fuskar tambaya. Amma wani lokaci da magariba, in gari ya yi tsit, nakan ji ana kirana daga bakin randa, a hankali, yadda aka rubuta a takardar.

"Sirajo Abdussamadu. Shekara talatin da huɗu."

Laure ma tana ji. Duk abin da take yi sai ta ajiye, ta zo ta damƙe mini wuyan hannu har farcenta ya shiga fata, fuskarta a ɗaure.

"Kak ka amsa," take cewa.